Kifi ya haihu da dare, da safe babu ɗa ko ɗaya: amsa ga 'yar'uwarmu ta Agege

Wata 'yar'uwa ce ta turo saƙo daga Agege, na ɗan taƙaita shi don yana da tsawo. Tace maigidanta ya siyo wa yara akwatin gilashi na kifin ado, ɗan ƙarami da bai wuce ya ci ruwa lita 20 ba, da kifaye 4 irin waɗanda ake kira gupi, kuma mai siyarwan ya tabbatar musu duk mata ne. Bayan kamar sati 3, wani dare sai suka ga 'yan mitsi-mitsin 'ya'ya suna yawo a ciki, yara suka yi ta tsalle, gari na wayewa aka duba babu ko ɗaya. Ita kuma sai ta ɗora laifin a kan ƙanin mijinta dake zaune dasu tunda shine mai canza ruwa, tace shi ya kwarara su a kwata. Yaro ya rantse bai taɓa ba, maigida ya ji haushi, gidan dai yanzu babu daɗi. Ga wata kuma a cikin kifayen cikinta ya yi tulu. Tana tambaya ina 'ya'yan suka shiga, ta ina ciki ya samu tunda babu namiji, sannan ya zata yi da wannan mai cikin.

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara zaman lafiya a gidanki.

Bari in fara da wadda tafi zafi. Yaron nan da wuya ace shi ya zubar miki da komai, waɗanda suka yi aika-aikan suna nan cikin gilashin suna kaɗa miki wutsiya kina basu abinci. Uwar da ta haife su da sauran ukun ne suka cinye su. Gupi bata san ɗanta ba, bata reno, duk abinda ya motsa kuma zai shiga bakinta to abinci ne, jaririn kuma ranar da aka haife shi bai wuce milimita 6 zuwa 7 ba. Ki haɗa manya 4 da jarirai a ruwa lita 20 fetal babu ciyawa babu wajen ɓuya, dare ɗaya ya ishe su su share wajen tas. Ba halin duk kifi bane wannan, karfasa misali uwar a bakinta take ɗauke ƙwai da 'ya'yan har sai sun yi ƙwari, amma ita gupi tana saukewa ta gama nata, wani lokacin ma tana haifar wannan tana juyowa tana bin wanda ya riga shi fitowa.

Kafin ki gama karanta wannan ma, in akwai filta, wato na'urar tace ruwa, a jikin tankin ki kashe ki buɗe ki duba cikin soson, yana zuƙe jarirai sosai kuma ana samun wasu da ransu a ciki. Ki leƙa tsakanin tsakuwar ƙasa da bayan kayan ado, masu wayon cikinsu can suke lafewa.

To sai maganar ƙanin mijinki, wadda a wajena tafi ta kifin muhimmanci. Ki bashi haƙuri, ke da bakinki, ba ta hannun yayansa ba, kuma a gaban waɗanda kika tuhume shi a gabansu, in yara na wajen lokacin to yara su ji lokacin da kike wanke shi. Yaron da ya baro iyayensa ya zo zaman Legas gidan yayansa, abu kaɗan ke sa shi jin shi bare ne, balle ace ya rantse an ƙi yarda. Ba sai kin yi dogon jawabi ba, "wane ashe kifayen ne suka cinye abinsu, na ɗauki alhakinka ka yafe min" ya wadatar, tsakanin matar wa da ƙanin miji ai akwai wasa, zaki ga abin ya wuce da dariya. Shi ma maigidan in ya ga kin yi haka da kanki fushin zai sauka ba sai an zauna shari'a ba. Kuma in da ni ce ke, shi zan damƙa wa ragamar renon 'ya'yan da za'a haifa nan gaba tunda dama hannunsa ya saba da ruwan. Yaran kuma ki faɗa musu gaskiya, kar ki ce 'ya'yan kifin sun tafi unguwa, yara suna ɗaukar irin wannan fiye da yadda muke zato.

Yanzu cikin da babu namiji. Ba aljanu bane, kuma ba lallai mai siyarwan ya yi muku ƙarya ba. Gupi da danginta, wato moli da filati da wanda ake ce wa mai wutsiyar takobi, basa zuba ƙwai a waje kamar tarwaɗa, namiji yana saka wa macen maniyyi ne a cikin jikinta, ita kuma Allah ya hore mata wajen ajiye shi da ransa har tsawon watanni. Kenan haɗuwa ɗaya a tankin mai shago ta isa ta yi ta haihuwa kusan duk wata, sau da yawa a jere, ba tare da ta sake ganin namiji ba. A shago kuwa yawanci a haɗe ake zuba su maza da mata, shi yasa duk macen da kika siyo wadda ta girma ki ɗauka kawai da guzurinta ta zo. Cikin nata ma ba irin na dabbar gida bane, babu mabiyiya, ƙwai ne yake zaune a cikinta, ɗan yana shan gwaiduwar ƙwansa har ya kammala, sai ya fito a naɗe ya miƙe ya kama iyo nan take.

Duk da haka ki duba da kanki ko akwai namiji a ciki, abu ne mai sauƙi. Kar ki tsaya kan kala kawai, duk da dai namijin gupi yafi ƙanƙanta yafi ado da doguwar wutsiya, macen kuma tafi jiki tafi dusashewa, amma yanzu akwai matan da aka tace irinsu suma masu kalar wutsiya ne. Abin dubawa shine ɗan fiffiken dake ƙarƙashin ciki daf da wutsiya. Na mace a buɗe yake mai faɗi, na namiji kuwa a tsuke yake siriri mai tsini yana kallon baya, da shi yake barbara. In kin ga wanda baya da aiki sai bin sauran yana karkato wannan tsinin, to kin kama ango.

Ita mai cikin. Cikin gupi yana ɗaukar kwana 21 zuwa 30 galibi, in ruwa na da ɗumi yafi sauri, in da sanyi ya ja. Mu nan Legas ruwan ɗaki kusan kullum yana tsakanin digiri 25 zuwa 30 ne, don haka ki sa ran wajen sati 3 zuwa 4, kuma kar wani ya siyar miki da hita, baki buƙatarta sai dai in tankin yana ɗakin da esi ke aiki dare da rana. Akwai wani baƙin tabo a bayan cikinta kusa da wancan fiffiken, duk macen gupi tana da shi amma yana ƙara girma yana ƙara duhu yadda cikin ke tsufa, a masu hasken jiki har zaki iya hango 'yan ɗige-ɗige baƙaƙe a wajen, idanun 'ya'yan ne. In haihuwa ta matso, cikin zai bar zagaye ya koma kamar mai kusurwa in kin kalle ta ta gefe, zata ware kanta ta koma lungu ko bayan filta, ta rage cin abinci, wani lokacin ki ga tana tsaye waje ɗaya tana ɗan karkarwa. Sun fi sauka da dare ko da asuba, kuma ba a tashi ɗaya ba, ɗaya-ɗaya ne ko biyu-biyu cikin awanni. Mai haihuwar fari zata iya kawo 5 ko 10, babbar uwa kuma 30, 40 har sama da haka.

Amma fa ba duk kumburi ne ciki ba. Ki kalle ta daga sama, in ɓawon jikinta ya miƙe tsaye ya yi carko-carko kamar bayan abarba, wannan ciwo ne, ruwa ne ya taru a jikinta, ki ware ta daga sauran kuma kar ki sa rai da yawa don ba kasafai suke tashi ba. Mai ciki lafiyayya jikinta sumul yake.

To me zaki yi mata? Masu shago zasu nuna miki wani ɗan akwatin roba da ake ratayawa cikin tanki, a saka uwar a ciki 'ya'yan su zurara ƙasa ta ramuka. Ni gaskiya bana sonsa, musamman ga wanda bai goge ba. Wajen ya yi ƙanƙanta, kuma tunda baki san ranar ba zaki kulle ta kwana da kwanaki tana dukan bango, tsoro da takura kuwa suna sa ta ɓarar da cikin, ki ga ta zubo ƙwai rawaya ko 'ya'yan da basu ƙosa ba, wata ma ta mutu da su. Yawan kamun ta da raga ana fito da ita ana mayarwa shima haka. In dai dole sai kin ware ta, ki samu sabon baho ko roba mai faɗi wadda sabulu bai taɓa shiga ba, ki ɗebi ruwan tankin nata ki haɗa, ki nutsa kwandon roba mai ƙananan huji a ciki yadda bakinsa zai ɗan fi ruwan tsawo, uwar tana cikin kwando tana da sarari, 'ya'yan suna fita ta hujin su tsira. Ki rufe saman da raga don suna tsalle. Tana gama sauka ki maida ita.

Wanda nafi so kuma yafi sauƙi shine ki bar ta inda take ki cika wajen da maɓoya. Jarirai da sun fito sama suke nufa ko su lafe a ƙasa, abinda suke nema kawai duhuwa ce da babba bazai iya kutsawa ba. Kainuwa tana wannan aikin sosai, saiwarta da take reto cikin ruwa mafaka ce, ga ƙananan halittu dake maƙale a jiki da jariran ke tsinta, ga shi tana tsotse datti daga ruwan. Sai dai dan Allah kar ki sa a tsamo miki daga kwata ko bakin lagun a jefa kai tsaye, ki wanke ta ki ajiye a bokiti daban na kwanaki kina canza ruwa don tana zuwa da ƙwari masu cin 'ya'yan kifi da ƙwan dodon koɗi, kuma tana son haske, in falonki da duhu zata ruɓe. Masu kifin ado suna siyar da wasu ciyayin ruwa masu laushi da gashi-gashi, suma sun yi. In duk babu, sabon soson raga na wanka wanda ba'a taɓa sa masa sabulu ba, ki wanke da ruwan zafi ki cukurkuɗa shi ki jefa a kusurwa ɗaya, ba kyau a ido amma yana aiki. Bakin filta kuma ki ɗaure masa soso ko yankin safa. Sannan a kwanakin nan ki tabbata manyan suna ƙoshi, mai yunwa yafi farauta. Ba duka zasu tsira ba ta wannan hanyar, kuma zan faɗa miki a ƙasa dalilin da yasa hakan ba asara bane.

Abincin jarirai ba wani abu bane mai wahala, tun ranar farko suke ci. Abincin manyan nan mai fale-fale ki murje shi da yatsa ya zama gari, ɗan kaɗan sau 3 zuwa 5 a rana. Gwaiduwar dafaffen ƙwai ma suna so, amma abinda zai maƙale a kan tsinken sakace ya isa, fiye da haka ruwan zai yi wari kafin yamma. In kina da wanda ya san masu ƙyanƙyasar tarwaɗa, kuma Legas cike take dasu, akwai atimiya, wasu 'yan mitsi-mitsin halittun ruwan gishiri, da suke ba 'ya'yan tarwaɗa da garin abinci mai laushi na matakin farko, su ne suka fi sa su girma da wuri. Bayan sati 3 zuwa 4 yawanci sun fi ƙarfin bakin manya.

Abinda yafi kashe kifin ado a gidajenmu ba ma cinyewa bane, ruwa ne da kuma tsafta irin tamu ta mata, a kwashe kifi a zuba a kofi a wanke tanki da omo a goge shi ƙal a cika da sabon ruwa. Kar a sake yin haka. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, guba ce, kuma wasu ƙwayoyin halitta dake zaune a soson filta da tsakuwa su ne suke cinye ta, in kin wanke komai tas kin kashe ma'aikatan. Kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan ake cirewa duk sati a maye da wani, soson kuma a matse shi cikin tsohon ruwan da aka cire. In ruwan famfo ne mai kulorin a bar shi ya kwana a buɗaɗɗen bokiti ko a ɗiga maganin cire kulorin. In na bohol ne, a unguwanni da yawa na Legas yana da tsami-tsami kuma ba shi da sinadarin ƙashi sosai, su kuma waɗannan kifayen sun fi son ruwa mai ɗan nauyi wanda baya da tsami, dabarar itace ɗan ɓawon kawa da ake siyarwa wajen masu abincin kaji, a wanke a ƙulle cikin raga a jefa a ciki, a hankali yake narkewa yana gyara ruwan. Lokacin canza ruwa in akwai jarirai a duba bokitin kafin a zubar, ta nan kam ana iya kwarara su da gaske.

Abu biyu kuma da suka shafi zamanmu na nan. Na farko maganin sauro na fesawa, yana kashe kifi ko da kaɗan ne ya sauka a ruwa, kafin a fesa ɗaki a kashe famfon iska a lulluɓe tankin da tawul, sai warin ya fita a buɗe. Na biyu ɗauke wuta, a watannin zafi irin Fabrairu da Maris ruwa yana ɗumi iskar cikinsa tana raguwa, in kika ga duk sun taso sama suna buɗe baki to numfashi suke nema. Akwai ƙaramin famfon iska da yake aiki da fawa bank, ki neme shi, kafin nan kuma ki riƙa ɗiban ruwan da kofi kina tsiyayo shi daga sama.

Sai dalilin da nace rashin tsirar duka ba asara bane. Yau kina kukan 'ya'ya sun ɓace, nan da wata 3 kukan zai koma na ina zan kai su. Ki yi lissafi da kanki, mata 4, kowacce ta baki ko 15 ne a wata, 60 kenan, su kuma 'ya'yan mazan cikinsu tun suna wata 2 sun fara bin mata, matan kuma wajen wata 3 sun fara nasu cikin. Lita 20 ɗinki ko manyan 4 ɗin nan da 'yan kaɗan a kai ya isheta. Wannan yawan haihuwar ne yasa kifin ya cika duniya, asalinsa daga can Kudancin Amurka ne, yankin Benezuwela da Guyana da tsibirin Tirinidad, sunan ma na wani bature ne Robert Guppy da ya aika samfurinsa daga Tirinidad zuwa Landan a 1866, daga baya aka yi ta kai shi ƙasashe masu zafi don ya ci tsutsar sauro, har ga shi yau in kin leƙa wasu kwatocin Legas masu ruwa a kwance zaki ga 'yan uwansu marasa kala suna yawo. Amma wannan ba hujja bace ta ki juye naki a kwata ko kanal in sun yi yawa, baƙon kifi yana takura wa na gida. Ki tambayi wanda ya siyar muku ko zai karɓa ya baku abinci a madadi, da yawa suna yi, ko ki rarraba wa maƙota da makarantar yara.

Don haka ku zauna ke da maigida da shi mai renon ku yanke tun yanzu, kiwo kuke so ko kallo. In kiwo ne to sai an ƙaro waje, aƙalla tanki ko baho na biyu, a raba maza da mata tun suna sati 4 zuwa 6 lokacin da tsinin namiji ya fara bayyana, a riƙa ajiye namiji 1 ga mata 2 ko 3 don in maza suka yi yawa basa barin mace ta huta ko ta ci abinci, kuma lokaci-lokaci a shigo da sabon namiji daga wani waje, in wa da ƙanwa suka yi ta haɗuwa zuriya bayan zuriya zaki fara ganin masu lanƙwasasshen baya da raguwar kala. In kuma kallo ne kawai don yara, ki zaɓi maza 4 ko 5 masu kyau daga cikin 'ya'yan ki riƙe su zalla ki bayar da sauran, sun fi ado ma. Matan nan 4 dai ko baki ƙara musu namiji ba zasu cigaba da sauka har na wasu watanni kafin ajiyar tasu ta ƙare, yawan 'ya'yan yana raguwa a hankali, sai dai ki kula kar ɗa namiji ya girma a cikinsu, ranar da ya balaga lissafin ya koma farko.